Kauri Ba Shi Ne Ƙarko Ba: Wace Katifa Ta Dace da Mai Juna Biyu?

Uwargida, duk ranar da kika zo awo akan auna nauyinki, a gwada jininki, a duba fitsari, a saurari bugun zuciyar abin da ke cikinki, a kuma tambaye ki irin abincin da kike ci. Abin da ba a cika tambayar ki ba shi ne a kan me kike kwana. Alhali kuwa in kina samun barcin awa 8 a kullum, to daga cikin watanni 9 na goyon ciki, wata 3 cur a kwance za ki yi su. Bayan kin sauka lafiya kuma, a kan wannan shimfiɗar za ki yi jego, a bakinta za ki zauna shayarwa dare da rana, kuma a yawancin gidajenmu a kanta jaririn zai kwana.

Ga ra'ayina tun da wuri, don kada in ja ki da nisa. Yawancinmu da ido muke sayen katifa. Kauri muke dubawa, da kyan yadin da aka lulluɓe ta da shi, da yadda za ta cika gado idan 'yan ganin ɗaki sun shigo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna ko katifa za ta yi ƙarko. Abin da ke cikinta shi ne abin dubawa. In aka haɗa tsadar rayuwa da yanayin ƙasarmu da halin da jikin mai ciki yake, katifar soso mai nauyi, mai matsakaicin tauri, wadda kaurinta bai wuce inci 8 zuwa 10 ba, ita ta fi dacewa da yawancin gidaje. Ta roba ta fi ta daɗewa, ta sifirin ta fi ta sanyi, amma kowacce da sharaɗinta.

Abin da jikinki yake nema

Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu, kuma mafi yawan nauyin a gaba yake. Ciki na turowa, baya na lanƙwashewa don ya daidaita tsayuwa, naman baya na aikin da bai saba ba. Ban da wannan, jiki kan fitar da wasu sinadarai da ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu, don hanya ta buɗe ranar haihuwa. Shi ya sa kusan rabin masu ciki, ko ma fiye, kan yi kukan ciwon baya ko na kwankwaso. Katifa ba ita ke kawo wannan ciwon ba, sabuwa kuma ba za ta raba ki da shi ɗungurungum ba. Duk ɗan kasuwar da ya ce miki tasa maganin ciwon baya ce, ciniki yake nema. Amma katifar da ta lotsa ta yi rami a tsakiya takan ƙara wa ciwon ƙarfi, domin ƙugu kan nutse, ƙashin baya ya kwana a karkace har asuba.

Akwai dalilin da ya fi ciwon baya nauyi. Daga mako na 28, wato wajen wata na bakwai, shawarar likitoci ita ce ki riƙa fara barci a gefe, ba rigingine ba. Idan kika kwanta rigingine, mahaifa kan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jinin da ke isa ga ɗa ya ragu. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya haɗa sakamakon bincike biyar, ya nuna cewa haɗarin mutuwar ɗa a ciki a watannin ƙarshe ya ninka fiye da sau biyu ga matan da ke fara barci rigingine. Gefen hagu ko na dama duk sun yi. In kuma kin farka kin tarar da kanki rigingine, kada hankalinki ya tashi, ki juya kawai ki koma gefe.

To, kwanciyar gefe tana da abin da take buƙata daga katifa. Kafaɗa da ƙugu su ɗan shiga, tsakiyar jiki ya samu abin tallafe shi, ƙashin baya ya miƙe sambal daga wuya zuwa ƙasa. In katifa ta cika tauri, ƙugu kan yi tsami, sai ki juya rigingine cikin barci ba ki sani ba. In ta cika laushi, ki nutse, juyawa da tashi su zama aiki.

Mutanenmu sun yarda cewa mai ciwon baya sai abu mai tauri, har wasu kan koma tabarma. An gwada wannan magana. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Wasu aka ba su katifa mai tauri sosai, wasu mai matsakaicin tauri. Bayan kwana 90, masu matsakaiciyar sun fi samun sauƙi. Ba a kan masu ciki aka yi binciken ba, amma ya isa ya rage mana ɗokin abin da ake kira katifar asibiti.

Sai dai ki lura, ba kowane ciwon baya ake ɗora wa katifa ba. Ciwon da ke zuwa yana lafawa a kan kari kamar naƙuda, ko wanda ya zo da zazzaɓi, da zafin fitsari, da zubar jini ko ruwa, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, wannan na asibiti ne, a ranar, ba sai ranar awo ta zagayo ba.

Katifar soso

Ita ce tamu ta gida. Ta kori katifar ciyawa da ta audugar rimi daga ɗakunan birni tun da daɗewa. Kamfanin Vitafoam tun 1962 yake Najeriya, Mouka kuma asalinsa daga wata masana'anta ce da aka kafa a Kano a 1959, ga ƙananan masana'antu birjik a manyan garuruwa. Daga sinadaran man fetur ake yin soso. Akan haɗa su, su kumbura kamar ƙullin burodi, su daskare, sannan a yanka gwargwadon girman gado. Mafi yawan abin da kike gani iska ce a cikin ƙananan ramuka. A nan sirrin yake: mai masana'anta zai iya sa ƙullin ya kumbura ƙwarai, ya samu katifa mai kauri da kayan haɗi kaɗan. A shago za ta yi kyau, ta yi araha. Bangon ramukan nata kuwa siriri ne, kowane dare yana karyewa kaɗan-kaɗan, kafin a yaye yaro ta zama faifai a tsakiya.

Ma'aunin wannan shi 'yan kasuwa ke kira densiti, wato nauyin soson da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Soso mai lamba 16 ko 18 ya yi wa katifar baƙo na kwana biyu. Ga katifar da manya biyu za su kwana a kai kullum, a ganina kada a sauka ƙasa da 28 zuwa 30. Densiti daban, tauri daban. Akwai soso mara nauyi da aka yi shi da tauri, ranar farko ki ji shi kamar dutse, bayan wata shida ya saki. Akwai kuma mai nauyi mai ɗan laushi da zai shekara da shekaru bai canza ba. Saboda haka danna katifa da tafin hannu a shago ba ya gaya miki komai game da ƙarko.

Abin da zai gaya miki shi ne sikeli. Katifa mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 4 da rabi, kaurin inci 8, in sosonta mai lamba 18 ne nauyinta bai fi kilo 9 da ɗoriya ba. In mai lamba 30 ne za ta kai kilo 15. Mai ƙafa 6 da 6, inci 10, bambancin ya kai tsakanin kilo 15 da kilo 25. Ko babu sikeli, maigida ya ɗaga kusurwar katifa biyu masu girma ɗaya, hannunsa zai ba shi labari. Ke kam kada ki ɗaga.

Nauyin ma akan yi masa algus. Wasu kan zuba garin alli a cikin haɗin don katifa ta yi nauyi a hannu. Irin wannan soson yakan yage da sauƙi, ya riƙa zubar da gari in ya kwana biyu. Wasu kuma tsohon soso suke yi wa sabuwar riga, su manna sunan babban kamfani. Don haka ki saya a wurin wakilin kamfani da aka sani, ki duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, ki karɓi rasit da takardar garanti, ki kuma tambaya me garantin ya ƙunsa, domin galibi ba ya ɗaukar katifar da ta jiƙe ko ta yi tabo. Wasu manyan kamfanoni kan rubuta iyakar nauyin mutumin da kowace katifa za ta ɗauka. In za ki duba, da nauyinki na wata tara za ki yi lissafi, da na wanda ya fi nauyi a cikinku.

Iri biyu na soso suna bukatar ƙarin bayani. Na farko shi ne wanda ake kira otofedik. Yawancin na kasuwarmu guntattakin soso ne aka niƙa, aka haɗa da gam, aka matse su da ƙarfi. Yana da nauyi, yana da ƙarko, wannan gaskiya ne. Amma shi kaɗai ya yi wa mai kwanciyar gefe tauri. In shi za a saya, a nemi wanda aka ɗora wa inci 2 ko 3 na soso mai laushi a sama. Sunan kuwa na talla ne, kada ki ɗauka likitan ƙashi ne ya sa masa hannu. Na biyu shi ne soso mai riƙe siffar jiki, wanda ake kira memori. An ƙirƙiro shi a 1966 a wani aiki na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, don kujerun jirgin sama. Yana rungumar ƙugu da kafaɗa da kyau. Amma zafin jiki ne ke tausasa shi, kuma yana riƙe zafin. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, ga ba wuta, ga mai ciki da jikinta ya riga ya fi na kowa ɗumi, ban ga hikimar biyan kuɗi mai yawa don a kwana cikin gumi ba. Ga shi kuma bai dace da jariri ba sam.

Katifar sifirin

Fifikonta iska ne. Cikinta fili ne da ƙarafa, iska na kai-kawo, don haka ta fi soso sanyi. Iri biyu za ki tarar. A na farko duk ƙarafan an ɗaure su da waya ɗaya, kowa ya motsa sai kowa ya ji. Ke da za ki tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, kuma da ƙyar barci ke komo miki, juyin maigida kaɗai ya isa ya tashe ki. A na biyu kowane ƙarfe yana cikin aljihunsa na yadi, yana aiki shi kaɗai. Wani injiniya mai suna James Marshall ne ya yi rajistar wannan dabara a Kanada a 1900. Wannan ya fi bin siffar jiki, ya fi shiru, ya kuma fi tsada.

In za ki tambayi kaurin wayar, ki sani lissafinsa a juye yake: lamba 12 ta fi lamba 15 kauri. Amma sau da yawa ba ƙarfen ne ke fara mutuwa ba, soson da aka shimfiɗa a samansa ne. In shi mara nauyi ne, cikin shekara biyu ko uku za ki fara jin ƙarfe a haƙarƙarinki, kuma babu gyara. Ki zauna a bakinta ki gani ko za ta zame da ke, domin a bakin nan za ki shafe watanni kina shayarwa.

Damuwata da sifirin ita ce irin zaman gidajenmu. Yara za su mayar da ita filin tsalle. Fitsarin goyo da danshin damina in suka ratsa, tsatsa ta kama. Ba a naɗe ta, ba a lanƙwasa ta. Ranar tashi daga gidan haya, in aka karya ta don ta shiga adaidaita sahu ko ta wuce ƙaramar ƙofar zaure, wayar da ke zagaye da bakinta ta lanƙwashe ke nan har abada. Mai kyau, a gidan da za a kula da ita, takan yi shekara bakwai zuwa goma. Mai araha kuwa gara soso mai nauyi sau goma.

Katifar roba

Ita 'yan kasuwa ke kira leteks. Daga itacen roba take, irin wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Akan tsaga ɓawon itacen, farin ruwa kamar madara ya ɗiga a kofi, a kaɗa shi ya yi kumfa, a gasa a cikin mazubi. Kamfanin Dunlop ne ya fito da wannan hanya a Ingila a 1929. Ta gaske, in aka buɗe rigarta, za ki ga ramuka jere kamar na saƙar zuma. Tana shiga daidai inda jiki ya danna, ta dawo nan take, don haka juyawa a kanta ba wuya. A wajen ƙarko babu kamarta a cikin ukun, takan wuce shekara goma ba ta lotsa ba.

Da kuɗi ba ya cikin magana, ita zan ce ki saya. Amma yawancinta daga waje ake shigo da ita, farashinta ya ninka na soso. Sannan ba duk abin da aka rubuta wa leteks ne na itace ba. Akwai na haɗi daga man fetur, akwai kuma katifar soso da aka ɗora wa inci ɗaya na roba aka ba ta sunan gaba ɗaya. A nan ma sikeli zai raba gardama: girman da muka ambata ɗazu, ƙafa 6 da 4 da rabi, inci 8, in roba ce zalla za ta kai wajen kilo 35.

Abu biyu kada ki manta. Rana maƙiyiyar roba ce. Al'adarmu ta fitar da katifa tsakar gida a shanya ta wuni guda, in aka yi wa ta roba haka sai ta bushe ta fara marmashewa. A inuwa ake shanya ta. Na biyu, akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da roba. In safar hannu ta roba ko balan-balan ta taɓa sa miki ƙaiƙayi, ko kumburin leɓe, ko sarƙewar numfashi, ki bar wannan katifa. Ki kuma gaya wa ma'aikatan awo tun yanzu a rubuta a katinki, domin a ɗakin haihuwa da na tiyata kayan roba suna da yawa.

Ga iyayen amarya da maigida

A al'adarmu gado da katifa na gidan amarya ne, kuma sau da yawa an saye su tun kafin a yi maganar ciki. To, Baba da Hajiya da gwaggonnin da ake aika kasuwa, ga roƙona. Yayin katifa mai inci 18 ko 20 a kan gado mai tudu ado ne na mako guda. Yarinyar nan ba da daɗewa ba za ta riƙa hawa da sauka da cikin wata tara, cikin duhu, wataƙila kuma da ɗinkin tiyata. Tsayin da ya dace shi ne wanda in ta zauna a baki, tafin ƙafarta zai taka ƙasa sosai. Kuɗin inci 20 na soso mara nauyi zai sayi inci 8 na mai nauyi. Mai kauri sosai ma wuyar cusa gidan sauro take da shi, alhali mai ciki da jariri su suka fi kowa bukatar kwana a cikinsa.

Kai kuma maigida, in ta gidan ta mutu, canza ta yana cikin hidimar haihuwa, kamar ragon suna. Yi lissafin shekara, kada ka tsaya ga kuɗin ranar saye. A misali, a ce wata naira 60,000 ce ta yi shekara 2, wata kuma 150,000 ta yi shekara 8. Ta farko tana cin 30,000 a shekara, ta biyu ba ta kai 19,000 ba. Araha ba ta ado, ba ta kuma ƙarko. In da hali ku je tare, ta kwanta a gefe na minti goma, kai ka duba daga baya ko ƙashin bayanta ya miƙe. Na san kunya ba za ta bar mata da yawa su kwanta a shagon kasuwa ba. In haka ne, ka nemi a yi yarjejeniyar canji in ba ta yi ba, a rubuta a rasit. Sabon soso yana da wari, a bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga kafin ta kwana a kai.

Shimfiɗar jariri

A nan magana ta wuce ta jin daɗi. Jariri sabon haihuwa ba ya iya ɗaga kansa. In fuskarsa ta nutse a cikin abu mai laushi, ba zai iya ceton kansa ba, kuma ba lallai ya yi kukan da za ki ji ba. A Amurka, bayan an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994, mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, a shawararta ta 2022, ta ce jariri ya kwana rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya ba mai gangare ba, babu filo, babu tarin bargo, a ɗaki ɗaya da uwa amma a makwancinsa daban, aƙalla wata shida na farko. Ki lura da bambancin: ke a gefe, shi rigingine; ke matsakaiciya, shi mai tauri.

Gwajin katifar jariri mai sauƙi ne. Ki danna da hannu, ta dawo nan da nan ba ta bar sawu ba. Ta cika gadon, ratar da ke tsakaninta da katako kada ta wuce yatsu biyu.

Na san a gidajenmu da yawa uwa da ɗa a shimfiɗa ɗaya suke kwana, ko don shayarwa, ko don rashin wuri. In haka za a yi, to katifar da ta yi rami haɗari ce, domin jariri zai gangaro ya manne da jikin babba. Filo da bargonku su yi nesa da shi, kada a bar rata tsakanin katifa da bango, kada yayyensa su kwana kusa da shi. In bakwaini ne, ko an haife shi da ƙarancin nauyi, ko akwai mai shan taba a shimfiɗar, ko kin sha magani mai sa barci, a nema masa nasa wurin ko da ƙaramar katifa ce mai tauri a gefenki. Barci da jariri a kan kujerar falo ya fi duk waɗannan haɗari.

Sai maganar leda. Gidaje da yawa ba sa cire ledar da katifa ta zo da ita daga kamfani, wai don kada ta yi datti. Ledar nan tana tara gumi, tana kawo ƙurajen zafi, in ta yage kuma guntunta zai iya manne wa hancin jariri. A cire ta. A sa rigar katifa mai hana ruwa wadda ke kama kusurwa huɗu tam, ko shimfiɗar roba mai kauri irin ta ɗakin haihuwa, a ɗora zanin gado na auduga a ja shi sosai. Wannan ne zai kare katifar daga fashewar faya, da jinin biƙi, da fitsarin goyo, kuma shi zai fi komai ƙara mata kwana.

Wuta da kuɗin cizo

Soso daga man fetur yake, kuma haka yake ci in ya kama. Cikin 'yan mintuna ɗaki ya cika da baƙin hayaƙi mai guba, hayaƙin kan kayar da mutum tun kafin harshen wuta ya iso shi. Lokacin jego kuwa shi ne lokacin kaskon garwashi da turaren wuta, musamman da hunturu. Kasko, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa, duk su yi nesa da gado, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ko da babu katifa a ciki. Waya ma kada a bar ta a caji a ƙarƙashin filo.

Katifar hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ban ba da shawararta ba, balle ga jariri. Ta riga ta ɗauki siffar jikin wani, kuma kuɗin cizo a cikin ɗinkin baki yake ɓuya da ƙwayayensa. In ya riga ya shiga gida, kada a yayyafa fiya-fiya a kan shimfiɗar mai ciki ko ta jariri. Maganin ƙwarin gona ne, yana shiga ta fata da ta numfashi. A wanke zannuwa da tafasasshen ruwa, a goge ɗinkin katifa da burushi, a bi ramukan katakon gado, in abin ya faskara a kira masu feshi da suka san aikinsu, uwa da ɗa su bar ɗakin har sai ya sha iska.

In babu halin canzawa yanzu

Ba kowa ne zai iya sayen katifa ana cikin tanadin kayan haihuwa ba, kuma in zaɓi ya zama tsakanin katifa da kuɗin asibiti, kuɗin asibiti ne gaba. A fara duba ƙarƙashin gado, domin wani lokacin ba katifar ce ta lotsa ba, katako ne ya karye ko ya yi nisa da juna. Ratar kada ta wuce inci 3, in ta wuce a shimfiɗa allon katako a kai. A juya katifar kai ya koma ƙafa duk bayan wata uku, mai fuska biyu kuma a kifa ta. Wadda ke ƙasa a kan siminti, a sa mata tabarma a ƙarƙashi, a riƙa jingine ta da bango sau ɗaya a mako don danshi ya fita, musamman da damina. Da dare ki sa filo ɗaya tsakanin gwiwoyinki, ƙarami ɗaya ƙarƙashin ciki, wani kuma a bayanki don ya hana ki komawa rigingine. In za ki tashi, ki fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu biyu tare, sannan ki tura jikinki sama da hannu.